Haradhan Babu da Dokin da Littafi Ya Ce Bidi Ne

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa keken doki a bakin babban dandalin Maidan a nan Kalkata, kuma cikin duk mutanen da na gani suna shiga filin sukuwa da fara'a suna fitowa suna zagin mahaya, ban ga wanda ya san dawaki kamar Haradhan Maitra ba. Ban kuma ga wanda bai san doki ba kamarsa. Duka biyun gaskiya ne. Wanda ya ce na yi wa mamaci ƙage ya zo unguwar Khidirpur ya tambayi gidan Kalimuddin mai keke, ina nan, ban je ko'ina ba.

Asalinsa ba shi da haɗi da dabba ko ta kusa ko ta nesa. Mai duba kuskure ne a wata 'yar maɗaba'a da ke buga katin biki da kalandar allunan shaguna. Aikinsa ya zauna da jan alƙalami ya bi rubutu layi-layi, in ya ga harafi ya karkace ya ja masa layi ya gyara a gefe. Yana da shekara ashirin da shida maigidansa ya samo aikin buga ɗan littafin sukuwa na mako-mako, wanda ake sayarwa a ƙofar fili. Sunan doki, sunan ubansa da uwarsa, nauyin da zai ɗauka, lokacin da ya yi a tseren baya, duk sai Haradhan ya karanta sau uku kafin a buga. Mutum ne mai kan riƙe abu. Kafin damina ta wuce ya haddace dangin dawaki fiye da nasa dangin.

Wata Alhamis ya tsaya a kan wani layi ya ƙi wucewa. Ya ce wa maigidansa ko dai an yi kuskure a nauyin wannan doki, ko kuwa ranar Asabar ba wanda zai ga ƙurarsa. Aka bincika, ba kuskure. Ranar Asabar ya hau taragon lantarki ya zo ya ga ko lissafinsa ya yi daidai, kamar yadda mutum zai je ya duba ko ya kulle ƙofa. Dokin ya ci. Shi ke nan, uwarsa ta rasa ɗa, fili ya samu.

Ni na san shi ne a rumfar mai shayi da ke daura da ƙofar talakawa, inda muke ajiye kekunanmu muna jiran fasinja. Babu muke ce masa, laƙabin girmamawa ne da ake yi wa masu ilimi a nan. Siriri ne, da dhoti, zanen da maza ke ɗaurawa, fari fes, da laima baƙa ko ana rana ko ana ruwa, da madubin hangen nesa rataye a wuya, da agogon dannawa a aljihun ƙirji. Tun asuba yake zuwa ya tsaya a jikin shinge lokacin da ake motsa dawaki, ya danna agogo, ya rubuta, sannan ya wuce aiki. Ya san wanda ke son ƙasa mai laushi, ya san wanda ke ƙin kwana, ya san mahayin da matarsa ta yi yaji. Caca kuwa, tikiti ɗaya tak yake saye, mafi araha, wai don kada lissafi ya tafi a banza. Waɗanda ke zagaye shi suna saya masa shayi a kofin yumɓu su suka yi gidaje da bakinsa, shi kuma ya mutu a ɗakin haya. Wannan bai taɓa damunsa ba. Abin da yake so a ce Babu ya faɗa, kuma haka aka yi.

Matarsa Shefali, wadda duk muke kira Boudi, wato matar yaya, ta daɗe da sallamawa. Da za a aurar da 'yarsu, mai duban taurari ya zaɓi wata Asabar a cikin sanyi, sai Babu ya fito da jadawalin sukuwa ya shimfiɗa kusa da takardar taurarin, ya roƙi malamin ya sake dubawa ko taurari za su yarda da Laraba. Suka yarda.

Amma fa duk wannan ƙauna daga nesa ce. Haradhan Babu bai taɓa sa hannu a jikin doki ba. Taku goma ne tsakaninsa da kowane kofato, in doki ya yi atishawa sai ya ƙara biyu. A wurinsa doki shi ne lambar da ke jikin ƙyallen sirdi da launin rigar mahayi da abin da agogo ya nuna. Namu na keke kuwa jakunan biki yake ce musu, a gabanmu, yana murmushi. Mu ma dariya muke yi, don bakinsa ba dafi, wauta ce irin ta masu ilimi.

Sai Dilbahar ya zo. Bidi ne mai duhu, kusan baƙi, ɗan shekara huɗu, ba wanda ya ɗauke shi bakin komai domin ya sha kaye sau uku a lokacin sanyi. Babu ya yi mako shida yana danna masa agogo da asuba, ya lura cewa duk safiyar da aka kwana ana ruwa dokin nan sai ya zama wani abu dabam. Ya tsaya a rumfar shayi ya ce Dilbahar ne zai ɗauki babban kofin damina. Aka yi masa dariya har mai shayi ya ƙona hannu. Ranar tseren aka tashi da ruwa, fili ya zama kunu, Dilbahar ya fito daga can baya a kwanar ƙarshe ya wuce su duka kamar an ɗaure su. Ni ina waje ban gani ba, amma na ji ihun, kuma na ga Babu ya fito yana kuka da majina, laimarsa a rufe a hannu, ruwa yana dukansa.

Daga ranar ya zama Babun Dilbahar. Ya yanke hoton dokin daga jarida ya manna a littafin da ya buɗe don tara duk abin da aka buga a kansa. Dilbahar ya ƙara cin tsere shida, sannan jijiyar ƙafarsa ta gaba ta samu matsala, sai sunansa ya ɓace. Layi na ƙarshe da aka buga a kansa, wanda Babu da kansa ya duba kafin a buga, cewa ya yi an mayar da shi gona. Wace gona, ba a faɗa ba.

To, nan burinsa ya tsaya. Abu ɗaya yake so kafin ya mutu, ya sake ganin Dilbahar, ya haɗa tafin hannu ya gaishe shi. Ya ƙaga masa wata gona a ransa, can wajen Pune, da ciyawa har gwiwa da itatuwan mangwaro. Ya dinga rubuta wasiƙu zuwa gonakin kiwon dawaki, da Turanci mai kyau ba kuskure ko ɗaya. Mafi yawa ba su amsa ba.

Mu da muke wannan sana'a mun san gonar da ake nufi. Dokin da aka dandaƙe ba ya ba da iri, in ƙafa ta tafi ba mai ciyar da shi don kyan fuska. Daga hannu zuwa hannu yake gangarowa, mai koyar da hawa, mai hayar dokin ango, har ya iso gare mu. Shekara biyar bayan ɓacewar Dilbahar, wani tsohon ɗan barga mai suna Jumman ya zo mini da wani kili, fari sol sai ɗan toka-toka a gwiwa, ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje. Ya ce zai koma ƙauyensu a Bihar, ba ya son ya bar dokin nan a hannun mugu, don shi ya rene shi a barga tun yana ɗan shekara biyu. Ya ce mini wannan Dilbahar ne. Na kalli ƙirjin, na kalli yadda yake ɗaga kai, na shafa jijiyar ƙafar, na yarda. Na sa masa suna Moti don yara masu hawa su iya kira.

Wallahi ranar da na fara ɗaura shi a keke farin ciki ya hana ni cin abinci. Wata uku na yi ina ɗura masa dusa da wake har ya murmure, na yi masa wanka, na taje gezarsa, na nufi rumfar shayi ranar Asabar ina ji kamar ni na haife shi. Babu yana zaune a tsakiyar mutanensa. Na ce, "Babu, ka daina ɓata kan sarki. Ga Dilbahar na kawo maka har ƙofa."

Ya miƙe. Ya zo ya tsaya a taku gomansa. Ya dubi dokin da ido, ya kuma ɗaga madubin hangen nesa ya dube shi, abin da ke gabansa kamar nan da can. Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da littafin, ya sa yatsa a layin, ya kira ni Miya, yadda suke kiran Musulmi a nan.

"Miya, littafi ya ce bidi mai duhu. Wannan fari ne."

Na ce masa bidi ai fari yake komawa in ya manyanta, kamar dai kansa da na sani baƙi wuluk ga shi yanzu ya fara furfura. Ya yi murmushin nan nasa. Ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa mara lafiya, cewa shekara talatin yana kallon dawaki kullum, bai taɓa ganin wanda ya shiga fili baƙi ya fita fari ba. Kuma gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan. A filinsu doki ba ya tsufa. Yana zuwa da ƙuruciya, ya yi shekara uku ko huɗu, a share sunansa a kawo wani. Babu ya ga dawaki dubbai, bai taɓa ganin tsohon doki ba, sai namu, waɗanda ba ya kallo.

Da ya tsaya nan da na haƙura. Sai ya juya wajen jama'arsa ya ce duk ɗan barga in zai sayar da gurgu sai ya ce zakara ne, kuma in wannan jakin biki Dilbahar ne, to shi ne gwamnan Bengal. Rumfa ta kece da dariya. Wani ɗan iska ya sara mini ya ce a ba mai kofin damina hanya.

Ni mutum ne mai zuciya, ban ɓoye ba. Na ji abin har ƙafata. A gabansu na rantse da Allah ba zan ƙara ta da maganar nan da bakina ba. Jumman ya riga ya tafi, kafin shekara ta zagayo aka ce ya rasu, ba ni da shaida ko da na so.

Haka muka yi shekara tara. Kowace Asabar ina ajiye kekena a wurin, don nan fasinja suke, shi kuma yana zaune a bencinsa yana ba sababbin zuwa labarin Dilbahar, yadda ya fito daga baya, yadda laka ke tashi, ya juya wa dokin da yake ba da labarinsa baya. Moti yana tsaye yana cin dusa a buhu yana kaɗa kunne. In aka saki dawaki a ciki, ihu ya tashi, sai ya cire kai daga buhu ya shiga rawa a tsakanin sandunan keke, jikinsa yana ɓari, sai na riƙe linzami da hannu biyu. In Babu ya fito ya tarar da shi bai huce ba yakan ce, ka ga har jaki ya san ana abin kirki a ciki. Nakan ce ƙwarai, Babu. A raina kuwa abin da nake faɗa ba na rubutawa ba ne.

Ya yi ritaya, yanar ido ta fara rufe masa gani. Agogon ma sai ya kawo shi dab da hanci. Da ya ga abin yana ƙaruwa sai hankalinsa ya tashi, ba don makanta ba, don kada ido ya tafi bai ga dokinsa ba. Ya ɗaura niyyar hawa jirgin ƙasa zuwa Pune ya bi gona-gona. Boudi ta zo har wurin kekena da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba, ta roƙe ni in sake yi masa magana. Ta tsaya tana kallon Moti, ta ciro ɗan guntun mazarƙwaila daga bakin zanenta ta ba shi a tafin hannu, ba tsoro ko kaɗan.

Ta ce, "Kalim, ni tun ranar na yarda da kai. Amma ni ba a buga ni a littafi ba."

Na ce mata na yi rantsuwa. Ta dube ni ta ce ashe masu taurin kan su biyu ne, ta gyara mayafinta ta tafi. Rabin laifin nan nawa ne, kuma na sani tun a lokacin. Ai da na ciyar da miskinai goma na warware rantsuwar, amma ina so ne ya zo da ƙafarsa ya ce Miya na yi kuskure.

Ya tafi lokacin da aka yi hutun sukuwa, ya yi kwana goma sha shida, ya dawo ya rame da tari. A wata gona an bar shi a bakin ƙofa, a wata an ba shi ruwa, ba wanda ya tuna sunan. Ya zauna a bencinsa ya ce wataƙila Punjab aka kai shi. Ranar bai tsokani Moti ba, ni kuma na saya masa shayi.

A daminar da ta biyo baya ne abin ya faru. Moti ya kai shekara ashirin, na riga na rage masa aiki, zagaye biyu ko uku a yini, yara da masu ɗaukar hoto. Wata Asabar da azahar aka tsuge da ruwa irin wanda ke mayar da titi kogi. Ina juyo da keke zuwa rumfa don mu fake, kofatonsa ya zame a kan ƙarfen layin tarago, ya durƙusa, sannan ya kwanta a gefe. Na kwance masa kaya da sauri, na ja, na roƙa, na kira sunansa. Ya ɗaga kai sau ɗaya ya mayar. Wanda ya yi shekaru da dawaki ya san irin wannan kwanciya.

Ina durƙushe a cikin ruwa riƙe da kansa sai na ji ruwan ya daina dukan bayana. Haradhan Babu ne ya tako takun nan nasa goma duka ya riƙe mini laima. Don ni ya zo, ba don dokin ba, wannan zan shaide shi da shi ko a gaban waye.

Farin doki in ya jiƙe sharkaf gashinsa kwanciya yake, baƙar fatar ta bayyana. A kafaɗar Moti akwai tabon lalas, wani harafi da lambobi a ƙasa. Na gan shi sau dubu wajen wanka, na ɗauka shaidar wani tsohon mai shi ce. Ban yi makaranta ba, ina zan san cewa gonar da aka haife shi ce ke buga wa kowane ɗan doki lambarsa, kuma ana rubuta ta a littafinsu? Babu kuwa shekara arba'in yana duba rubutu, ba ya iya wuce harafi bai karanta ba ko a takardar ƙunshin gyaɗa. Ya sunkuya saboda idon, ya ƙara sunkuyawa har hancinsa ya kusa taɓa fatar. Na ji ya karanta a hankali, harafin, sannan huɗu da bakwai, sannan takwas a ƙasa.

Bai buɗe jaka ba, ba ya bukata. Laimar ta karkace, ruwa ya dawo kanmu. Ya durƙusa a cikin laka da farin dhotinsa. Can ya ce, "Miya, a ina ake taɓa shi?"

Na kama hannunsa na ɗora a wuyan, ƙarƙashin geza. Ya bar shi a wurin.

"Yana da ɗumi," ya ce, kamar wanda aka ba labarin da bai taɓa ji ba.

Ya sunkuya kusa da kunnen dokin ya gaya masa lokacin da ya yi a ranar kofin, minti biyu da daƙiƙa talatin da huɗu, ya ce har yau ba wanda ya yi haka a laka. Sannan ya ɗago ya ce da ni, "Ai ka gaya mini." Na ce sau ɗaya na gaya masa. Duk maganar da na tanada shekara tara don wannan rana, na nema na rasa, kuma ban ji daɗin komai ba. Na yi nasara, ga dokina yana mutuwa, ga tsoho yana kuka a cikin kwata.

A ciki aka buga ƙararrawar tsere na uku, ihu ya tashi. Kunnen Moti ya motsa. Bayan haka bai ƙara motsi ba. Wannan ita ce Asabar ta farko cikin shekara arba'in da aka yi sukuwa a Kalkata Haradhan Babu yana waje. Ya zauna da ni har motar da ke kwashe mushe ta zo, ya tambayi direban ina ake kai su, direban ya gaya masa.

Ya ci gaba da zuwa fili har ƙarshen sanyin shekarar, amma masu saya masa shayi suka fara gunaguni, wai Babu ya lalace. Ka tambaye shi wa zai ci, sai ya tambaye ka wanda ya zo na ƙarshe makon jiya ina aka kai shi. In ya fito yakan bi layin kekunanmu yana shafa wuyan dawaki ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar shekarunsu, har wata goɗiya ta cije shi a hannu ya yi ta nuna wa mutane tabon.

Ya rasu kafin wata daminar. Bayan an gama zaman makoki Boudi ta aiko a kira ni, ta miƙo mini littafin nan nasa na Dilbahar, ta ce shi ya ce a ba ni. Ta buɗe mini shafin da hoton yake. A kan layin Dilbahar ya ja wa wurare biyu layi da jan alƙalami, ya yi gyara a gefe da ɗan siririn rubutunsa, yadda ya saba yi a maɗaba'a. Na tambaye ta me ya rubuta. Ta ce ya soke bidi mai duhu ya sa fari, kuma inda aka ce an mayar da shi gona, ya soke gona ya rubuta wurin Kalimuddin.

Littafin yana cikin akwatina, a naɗe da tsohon ƙyallen da nake goge Moti da shi. Ban iya karanta shi ba, amma na san shafin, kuma na san inda jan yake.